Ashe Safaya Ce Take Kira

Wata uku ke nan wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana kunne a gaban motar da maigidana ya bar min, Allah ya jiƙan Malam. Wai alamar iskar taya ta ragu.

Masu faci uku na je wa. Kowa ya sa geji a tayoyin nan huɗu, ya ce lafiyarsu ƙalau. Ɗana na Abuja, da na samu ya ɗaga waya, cewa ya yi, "Umma, sensar da ke auna iskar ce ta mutu, ki liƙe fitilar da baƙin salatif."

Ban liƙe ba. Har na saba da ita, don in na tada mota ita kaɗai ke kula ni.

Yau na tsaya wurin wani dattijo mai faci a gindin Goron Dutse. Ya ƙura wa motar ido.

"Hajiya, wannan ba ta marigayi Malam ba ce? Buɗe min but."

Ya danna safaya, ta yi laushi tuɓus.

"Irin wannan motar har safaya tana da sensa. Duk Juma'a sai Malam ya sa na auna ta. Ita ce take ta kira, ba wanda ya leƙa ta."

Ya ba ta iska. Ban kai Gwale ba fitilar ta mutu. Na gangara gefen titi, na yi kukan da rabona da shi tun fita takaba. Yanzu fitilar da ke kula ni ma ta yi shiru.

Ku fa, yaushe rabonku da leƙa safayar gidanku?