Ganyen Jawa da Daddawar Inna

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Mahjar a Jidda, lokacin ruwa ma sai mai jaki ya kawo, mahaifiyata ta kwanta bayan rasuwar mahaifinmu. Ta fita takaba amma ta ƙi tashi. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, abinci kawai ta daina ci. Likita ya ce in aka ƙara mako biyu a haka, sai gadon asibiti.

Ni kuwa zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fito, in hau sama, in sauko, ban san me nake nema ba. Rannan na ji ta ce, kamar da kanta take, "Ko miyar ganye irin ta gida." Ni haifaffiyar Jidda, gidan nan da take faɗa ban taɓa taka shi ba.

Da ma maƙwabciyarmu 'yar tsibirin Jawa, wadda muke kira Khala, ta taɓa ba ni irin wani ganyensu, sawi suke ce masa. Na shuka a gwangwanaye a saman rufi, ina ba shi ruwan wankin shinkafa. Na haura da gudu na yanko. Da yake ni gwana ce, sai na jefa masa kanwa, na bar shi yana ta tafasa kamar ganda. Wayyo! Ya dame, ya yi duhu, ga ɗaci. Inna ta sansana ta juya fuska bango. Na fito na yi kuka mai isata.

Na kai wa maƙwabciyar tukunyar. Ta dafe kai. "Ya binti, kin kashe shi! Soya tafarnuwa da busasshen jatan lande, romo ya tafasa, ki zuba ganyen, ki ƙirga ashirin, halas, ki sauke."

"Khala, ashirin kawai?"

"Ashirin!"

Washegari na yi hakan, ganye ya fito kore shar. Sai na ga ai babu ƙamshin gida. Na buɗe kwanon daddawar Inna, wadda alhazai ke kawo mata sau ɗaya a shekara, na gutsuro na jefa a dunƙule.

Na kai wa Inna, ta yi cokali ɗaya. Sai ta tsamo ƙullin daddawar ta ɗaga mini.

"Mene ne wannan? Haka kika jefa, ba daka? Ke ɗiyar wa ce?"

"Haka na iya, Inna."

"Kin iya ɓarna dai. Yalla, kama ni in tashi."

Wata biyar rabonta da bakin murhu. Ta zauna kan kujera, ta daka daddawa da citta da barkono, tana daka tana yi mini faɗa. Cikin faɗan ta cinye rabin malmalar tuwon shinkafa.

Daga ranar kullum sai na ɓata wani abu da gangan. Yau gishiri ya yi kaɗan, gobe na manta citta. Ita kuma kullum sai ta taso tana cewa za a koro ni daga gidan miji.

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Har yau in na ɗora miyar nan sai in kasa zama, in yi ta waiwayen ƙofa. A ciwonta na ƙarshe na kai mata ita, na daka komai daidai. Ta ɗanɗana, ta dube ni ta yi murmushi.

"Yau kin haƙura ke nan? Ba za ki tashe ni ba?"