Gwaje-gwajen da Nake Karanta wa Malam

Shekarar da ciwon suga ya cinye idanun Malam, ni na koma mai karanta masa abin da ke fuskar kwamfuta. Shi ya koyar da ni a jami'a. Da ya yi ritaya muka shiga aikin sa kai na wata kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Namu sashen shi ke kwaikwayon na'urar, yana ɗaukar umarni ɗaya-ɗaya yana aiwatarwa. Kowane umarni sai mun yi masa ɗan gwaji: mu ba shi lambobi, mu ga ko zai kawo amsar da ta dace.

Duk Asabar bayan la'asar nakan shiga keke daga Mabera zuwa gidansa a Arkilla. Shi yana faɗa, ni ina bugawa.

Wata rana gwajin umarnin ɗebewa ya ƙi wucewa. Kwana uku yana ba ni wuya. Malam ya ce, "Karanto min, sannu-sannu." Ban kai layi na biyar ba ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. In ka ɗebe ɗaya daga sifili, ina ka aje aron?"

Na gyara, gwajin ya wuce. Ya yi dariya, sannan ya ce in ɗora yatsansa a kan layin. Na ɗora. Ya daɗe bai ɗauke ba, ni kuma na mai da idona ga tabarma.

Da damina ciwon ya taɓa ƙoda. Zuwana na ƙarshe ko jakar kwamfutar ban buɗe ba, shi ma bai tambaya ba. Ranar Talata aka yi masa sutura.

Bayan wata biyu saƙo ya zo daga masu kula da aikin: sun sake gina sashen, sun cire namu duk da gwaje-gwajensa, sun yi godiya. Ba su san ya rasu ba.

A makon na je gaida mai ɗakinsa. Ta ce, "Ɗana, aikin ga da kuka yi, mutane na amhwani da shi?"

Na ce, "Sun yi, Hajiya. Yanzu an canza."

Ta jinjina kai. "To, Allah shi kai mai ladan wanda anka yi."

Na ce amin. Da zan koma na sauka daga keke a hanya, na ƙarasa Mabera da ƙafa.