Gurnanin Jirgin Falo

Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mukayyif kamar yadda muke ce mata a nan Makka, kuma ban taɓa yarda akwai injin da zai gagare ni ba. Da wannan taƙamar na saka wa jirgina dikoda.

Jirgin ƙasa ne na wasa, kansa bai wuce tsawon tafin hannuna ba. Na shimfiɗa masa layin dogo a kan faffaɗan katako a kusurwar falonmu da ke unguwar Aziziyya, na yi masa tasha da gada da dutsen kwali. Tun ina yaro a unguwar Tandabawi nake mafarkin irinsa, ban samu ba sai da furfura ta fara leƙo mini. Abu ɗaya ke ba ni haushi da shi, bai iya tafiya a hankali ba. Ko ya tsaya cak, ko ya zabura kamar an tsikare shi, ni kuwa so nake ya bar tasha da nauyi da ƙasaita irin na jirgin gaske. Aka ce mini dikoda ce magani. Wani ɗan allon lantarki ne da bai fi farcen babban yatsa ba, yana karɓar umarni ta layin dogo, yana kuma sauraron juyin injin don ya daidaita masa wuta.

Na ɗaura ta tsaf, na kunna. Jirgi ya taso a hankali yadda nake so, amma da gurnani, wani gur-gur mai haɗe da tsuwa, kamar injin markaɗe da tsakuwa ta faɗa ciki.

Falon ba nawa ba ne ni kaɗai. Uwargidana tana haɗa turaren wuta tana sayarwa, a nan take karɓar mata masu saye, ta ɗora musu kasko su ji ƙamshi kafin su zaɓa. Ta yi haƙuri iya haƙuri, har ranar da wata baƙuwa ta tambaye ta ko maƙwabta ne ke huda bango. Baƙuwar na fita ta tare ni.

"Malam, halas, ya isa haka. Ƙarar nan har cikin haƙorana nake jin ta. Kafin azumi ya kama mata su fara yawa, ko ka rufe masa baki ko ya koma ɗakin saman bene."

Wanda bai san Makka ba zai ɗauka sauyin wuri kawai ta faɗa. Ni da nake hawa saman benaye kullum na san hukuncin kisa ne. Na taɓa ajiye bokitin roba a ɗakin nan, na dawo na tarar zafi ya lanƙwasa shi. Taragu da gada da tasha ba za su ga ƙarshen zafi ɗaya ba. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta taɓa jikin ƙarfe. Na cire kafasita, ɗan abin rage tartsatsin wuta da ke maƙale a bakin injin, domin an san ba sa jituwa da dikoda. Na sauya saurin bugun wutar da take aika wa injin, tsuwar ta tafi, gurnanin ya zauna daram. Da na kashe sashen da ke sauraron juyin injin sai jirgi ya yi tsit, na miƙe har ina shirin kiran uwargida, sai na ga ya koma halinsa na da, tsayawa cak da zabura. Wannan ai ba gyara ba ne, toshe kunne ne. Na yi wa mai shagon da ya sayar mini da dikodar tatas a zuciyata, na je har Jidda na aro wata a wurin wani abokin wasan jirgi. Ita ma ta yi gurnaninta, sak irin na 'yar'uwarta.

Dikoda biyu ba za su haɗa baki su yi mini ƙarya iri ɗaya ba. Ke nan abin da suke ji daga injin ne ba daidai ba. Wata Asabar da hantsi na kwance injin kaf, na zaro sandar da ke juyawa. Zoben tagullar da gawayin injin ke gogawa a kai ya yi duhu, yana danƙo. Na goga auduga, ta fito ja-ja-ja kamar an tsoma ta a shayi. Ban san abin da ya sa na kai ta hanci ba.

Sandal ne, da hawi, da ɗan ƙaurin sukari.

Na yi dariya ni kaɗai har da buga cinya. Shekara da shekaru hayaƙin kasko na sauka a kan layi da ƙafafun jirgi, yana kutsawa cikin injin. Tsohuwar wutar da ba dikoda ba ruwanta, turawa kawai take yi. Dikoda kuwa mai sauraro ce, danƙon ya sa tana jin juyin injin a rikice, sai ta dinga fizgar sa tana saki.

Na kai wa uwargida audugar har kicin, ina tafe ina baza kafaɗa.

"Hajiya, shinshina ki gaya mini mai laifi."

Ta shinshina, ta lumshe ido. "Haɗin amare ne wannan. Ka ga kaya masu kyau ko? Har ƙarfe sun kama."

Na wanke zoben da sifirit, na share tsagoginsa da tsinken sakace, na goge ƙafafu da layin gaba ɗaya, na mayar da komai. Na murɗa maɓalli kaɗan. Jirgi ya bar tasha a hankali, a hankali, ba a jin komai sai ɗan ƙas-ƙas na ƙafafu a mahaɗar dogo. Wallahi ko ranar da na tayar da mukayyif na farko a rayuwata ban ji daɗi irin wannan ba.

Uwargida na tsaye a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, ba da wasa ba, "Ɗayyib, ya yi kyau. To ni ce zan kwashe kaskona in hau sama ke nan?"

Sai na ajiye duk kurarin da na shirya. Na ce mata ba mai hawa ko'ina, rufa kawai jirgin ke bukata. Ta ɗauko tsohon haramina ta yi masa kalmasa, ya rufe katakon ruf.

Azumi ya kama, mata suka cika falo. Rannan na shigo da la'asar zan wuce ciki kaina a sunkuye, sai uwargida ta sauke kasko ta fitar da shi baranda, ta yaye haramin da hannunta.

"Malam, tsaya. Tayar musu da jirginmu su gani."