Ranar da aka ɗauki motar madarata a matsayin bam

A lokacin da abin nan ya same ni, ban daɗe da barin koyarwa a wata firamare a Samaru ba. Maigidana ya rasu, yara suna makaranta, sai na kama sana'ar yin yogot ina kai wa shaguna. Madarar kuwa sai na bi rugagen da ke bayan Shika nake samo ta, kuma sau da yawa kafin in dawo gida zafi ya tsinka ta. Da na gaji da asara, sai na cire kujerun bayan tsohuwar bas ɗin da marigayi ya bari, na sa ƙaramin firij da fanka da 'yar katifa, don wani lokaci nakan wuni a daji ina jiran a gama tatsa.

Ƙanen maigidana ne ya yi mini haɗin wutar. Ya ce firij zai kashe batirin mota, don haka sai an ƙara na biyu a baya, wanda injin zai riƙa caja idan ana tafiya. Muka sayo batir da wayoyi da wata 'yar mita mai jan lamba a wajen wani Ibo mai kayan mota a Sabon Gari. Mutumin ya ce mu ɗauki waya mai kauri, mu kuma rufe komai a akwati, amma ƙanen nawa ya ce neman ciniki kawai yake yi. Haka ya bar wayoyin, ja da baƙi, barbaje a ƙasan mota, an naɗe su da salatif. Ni kuma na sa labule mai duhu a tagogi, ban gaya wa kowa a unguwa abin da ke ciki ba, don ina tsoron a gane inda nake samo madara a riga ni. Na lura maƙwabta sun fara kallon motar. Wata ma ta taɓa tambayata a coci me nake nema a daji ni kaɗai a irin wannan zamani, na yi dariya na wuce.

Siririyar wayar nan ba ta cika batirin da kyau. Da na kashe mota sai lambar mitar ta fara sauka, firij kuma ya riƙa wani ƙas-ƙas yana ƙoƙarin tashi. Wata Asabar da rana na dawo daga ruga, na tsaya a Sabon Gari in sayi robobin zuba yogot. Ban sami wurin ajiye mota ba sai kusa da katangar wani coci da ake ɗaurin aure a ciki. Na kulle na shiga kasuwa.

Da na fito, sai na tarar titin ya canza. Masu shaguna suna ja da ƙofofinsu, mata sanye da ankon biki suna fitowa ta ƙofar baya riƙe da yara, an yi da'ira nesa da motata, kowa yana nuna ta. Ashe wani ne ya leƙa ta gefen labule, ya ga wayoyi da batir da jan lamba tana raguwa, ya kuma ji ƙas-ƙas ɗin nan. Ban gane komai ba sai da na ciro makulli. Nan take mai gadin cocin ya damƙe mini hannu, wasu suka kewaye ni. Ana tambayata da Hausa, ana tambayata da Turancin buroka, wa ya aiko ni, me ya sa na rufe tagogi, me ya sa ƙafafun motar duk jar ƙasar daji. Na ce madara ce, ba wanda ya saurara. Na faɗi sunan cocinmu, wani ya ce ai kowa na iya haddace sunan coci. Na hango wani mai shago da nake kai wa yogot, muka haɗa ido, sai ya sunkuyar da kai ya koma bayan mutane. Can sai na ga wani saurayi ya ɗauko guntun bulo.

Na roƙi mai gadin ya bar ni in buɗe motar da hannuna, in wani abu zai tashi ya tashi da ni. Ya sake ni, kowa ya ƙara ja da baya. Na buɗe ƙofa, na ɗaga murfin firij, na ciro galan ɗin madara. Na kafa baki na sha a gabansu har ta zube mini a zani. Na ce, "Ga bam ɗin nan, wanda yake so ya zo ya ɗanɗana." Ba wanda ya yi dariya. Sai can aka kira Ibon nan daga shagonsa, ya leƙa, ya ce shi ya sayar mini da kayan, ya cire kan batirin, ƙarar ta tsaya. Duk da haka sai da jami'an tsaro suka tafi da ni da motar, ban koma gida ba sai da fastonmu ya zo ya tsaya mini. Madarar duk ta lalace.

Labarin ya riga ni isa Samaru, kuma ya iso a karkace. Wasu shaguna suka daina karɓar kayana ba tare da sun faɗi dalili ba. 'Yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce uwarta tana kai wa mutanen daji kaya. Ni ma na zama mai zargi. Duk wanda ya gaishe ni sai in ce ko shi ne ya fara yaɗa maganar, har ƙanen maigidana na daina yi wa magana na wani lokaci, alhali taimakona ya yi. Har yau ban san wanda ya fara leƙa motar ba, kuma da na yi tunani na daina ganin laifinsa. Wataƙila yaransa suna cikin cocin nan a ranar.

Na kai motar wajen masu gyaran wutar mota a Chikaji aka sake haɗin daga farko, da waya mai kauri da fis mai katse wuta in ta yi yawa, aka rufe batirin a akwati mai ramukan shan iska. Abin da nake so in gaya wa masu karatu shi ne, in za ku ƙara wa mota batir, ku kai wa wanda ya iya, kuma ku bar maƙwabtanku su san sana'arku tun kafin tsoro ya sa su ƙirƙira muku wata. In kuma kun tarar an kewaye wani da kuka sani, ku buɗe baki ku ce kun san shi. A ranar nan, kalma ɗaya daga mai shagon nan ta isa a ajiye bulon, amma bai faɗe ta ba.