Gishirin Tukunya Ɗaya

Yayana ya kai tsufa bai san inda ake rataye ludayi a gidansa ba. Ba sharri nake masa ba. Ni ce ƙanwarsa, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, kuma a gaban idonsa ma haka nake faɗa. Shi dai a ba shi fartanya da bokitin ban ruwa. Lambunsa na bayan gida ya fi ɗakin wasu tsabta: ga tumatir, ga albasa, ga wake yana hawa shinge, sai kabewar da ta sa duk unguwa ke kiransa Mai Kabewa. Har fasto yakan yi suɓul da baka ya kira shi haka a gaban jama'a. Yana da kaji, da wata akuya da muke ce wa Kunnen Ƙashi, wadda da tawa ce da tuni ta shiga tukunya.

Girki kuwa na matarsa ne. Ci-ka-ƙara ake ce mata, don ba wanda ya taɓa ajiye cokali a gidanta ba ta faɗa masa haka ba. Shi ya shuka, ita ta dafa, su zauna a teburin da ke ƙofar madafa, ta yi addu'a, su ci. Addu'ar abinci tata ce tun farkon aurensu, saboda Yaya in ya fara sai ya bi lambu shuka bayan shuka yana gode wa Allah, har miya ta huce. A haka suka reni 'ya'yansu, kowa ya kama gabansa, gida ya koma su biyu.

Da gishiri abin ya fara. Ran nan na ɗanɗana miyarta, sai da idona ya kawo ruwa. Na ce, "Matar Yaya, yau da wa kika yi faɗa?" Ta yi dariya, muka bar shi a wasa. Ashe duk sanda ta gifta tukunya sai ta zuba, don ta manta ta zuba ɗazu. Daga nan sai kaji: ta watsa musu hatsi, ta juya, ta dawo ta sake watsawa. Kajin nan suka yi ƙiba har tafiya na ba su wuya. Likita ya ce mantuwar tsufa ce, kuma ba ta komawa baya. Sunayen jikoki suka tafi, na 'ya'ya suka bi. Wata safiya ina tsaye ta dubi Yaya yana shigowa da kwandon tumatir, ta ce, "Sannu da aiki, mai lambu. Ajiye a nan, maigidan bai dawo ba."

Shi kuwa ya ajiye kwandon inda ta nuna, ya ce, "To, Mama," ya koma lambu. Na bi shi, na tarar ya juya mini baya yana cire ciyawa a inda babu ciyawa.

Amma ga abin mamaki: a madafa ba ta ɓata. Matar da ba ta san ko yau Lahadi ce ba, in ta riƙe wuƙa da albasa sai ka rantse lafiyarta ƙalau. Ta san lokacin da mai ya yi zafi, ta san wake ya nuna tun daga ƙamshi. Yaya ya lura da wannan kafin kowa, sai ya tsara rayuwarsa kaf a kai. Kullum da safe yakan juye gwangwanin gishiri, ya bar mata daidai na tukunya ɗaya. Ta zuba, ta dawo ta karkaɗa gwangwani, babu komai. Sai ka ji ta tana faɗa: "Wai wa ke cinye mini gishiri a gidan nan?" Shi kuma ya amsa daga waje, "Akuyar nan ce, Mama." Kunnen Ƙashi ta sha zagi a kan laifin da ba nata ba, ni kuwa ban tausaya mata ba, tana da wasu laifuffukan da ba a kama ta ba. Ashana tana aljihunsa, shi ke kunna wuta, shi ke kashewa. Ya kwaso aikin da zai yiwu a zaune, ɓarar wake da gyaran iri, ya dawo da shi bakin ƙofar madafa. Mutumin da bai san ludayi ba ya koma yana gane tafasar ruwa da kunne.

Ranar da abin ya faru, akuyar ce ta tsinke igiya ta faɗa cikin kabewa. Yaya ya ruga ya kore ta. Kafin ya dawo, bakin zanen Ci-ka-ƙara ya kama wuta. Ihunta na ji ta katanga. Shi ya kashe da hannunsa, ita ta ƙone a ƙauri, shi a tafin hannu.

Babbar 'yarsu ta iso daga birni ranta a ɓace, da sabon kwaɗo a jaka. Ko zama ba ta yi ba ta garƙame madafa, ta jefa mabuɗin a jakarta.

"Baba, ya isa haka. Ranar Lahadi bayan an tashi coci zan tafi da Mama. Akwai ɗaki, akwai mai kula da ita, ba za ta ƙara kusantar wuta ba."

"'Yata, in kin raba ta da tukunya, me ya rage mata?"

"Ranta, Baba! Ranta ya rage. Gwaggo, ki yi masa magana mana."

Ni kuwa na yi. Na ce, "Yaya, yarinyar nan ta fi ka gaskiya. Kai kanka tsoho ne, gudunka nawa? Yau ƙauri, gobe fa?" Har yanzu ban ce ƙarya na faɗa ba. Shi dai ya ɗauki bokitinsa da hannun da ke naɗe da bandeji.

Kwanakin da suka biyo baya, Allah kada ya maimaita mana. Ci-ka-ƙara takan je ƙofar madafa, ta taɓa kwaɗon, ta tsaya. A zaunar da ita, ta tashi ta koma. 'Yar ta dafa abinci mai rai da lafiya ta kawo mata, ta kau da kai. Ni ma na kawo nawa, ta ce, "Na gode, baiwar Allah, ba na cin abinci a gidan mutane." A gidanta fa! Ta daina yi wa akuya faɗa, ta daina watsa wa kaji hatsi. Matan coci suka zo suka yi mata waƙar da take so, bakinta ko motsi. Na koma gida na yi kuka na ƙoshi.

Ranar Lahadi muka dawo daga sujada, kaya a ɗaure, mota a ƙofa. Yaya ya cire hularsa, ya tsaya gaban 'yar da ya haifa kamar mai roƙo.

"Abu ɗaya nake nema. Ki bar ta ta dafa mana na rana, ki zauna ki gani. In mun ci, ku tafi. Ba zan hana ba."

Ta dube ni. Na ce, "Ke, ba shi mabuɗin nan, mu uku ne a kanta, wutar me za ta kama?"

Da ƙofa ta buɗe, Ci-ka-ƙara ta shiga kamar wadda ta dawo daga kasuwa. Ta shafa tebur da yatsa, ta ce, "Wace ƙazama ce ta bar nan haka?" Ta leƙo: "Mai lambu! Kawo kabewa ƙarama, da albasa, ka zo ka kunna mini wuta." Yaya ya kawo, ya kunna, ya sunkuya ya soke mata bakin zane ba tare da ta lura ba, ya zauna a bakin ƙofa da kwanon wakensa, tulun ruwa a gefen ƙafarsa. Ta yanka, ta soya, ta zuba gishiri. Ta dawo ta karkaɗa gwangwani, ta ɗaga murya ta tsine wa akuya. 'Yar ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta rufe baki da mayafi.

Aka zuba abinci. Ta ƙirga mu da ido, ta ce wa Yaya, "Kai ma zo ka zauna, ba a cin abinci a tsaye a gidan nan." Ya zauna a kujerar da yake zama tun kafin a haifi 'yar. Ta miƙa hannuwa, muka riƙe, muka sunkuyar da kai.

"Ubangiji, mun gode da abincin nan. Ka albarkaci baƙin nan biyu, ka kai su gida lafiya. Ga kuma bawanka mai lambu. Kullum yana nan, ba ya gajiya, ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba. Ga hannunsa ya ji ciwo, ka warkar. Kuma Uba, na ga kamar ba shi da kowa. Ka ba shi mace ta gari wadda za ta riƙa dafa masa. Cikin sunan Yesu."

Yaya ne ya fara amsawa, a hankali.

"Amin, Mama. Ai ya riga ya ba ni."

"To madalla," in ji ta. "Ka riƙe ta da kyau. Ci ka ƙara."

Ya ci, ya ƙara. Ita ma ta cinye nata tas, karo na farko tun ranar da aka sa kwaɗon.

Da muka gama, 'yar ta tashi ta fita wajen mota. Na ɗauka direba za ta kira. Sai ga ta da jakar uwar, ta wuce da ita ɗaki. Ta dawo ta ce gobe za a zo a ɗaga murhun daga ƙasa, kuma akuyar nan a sayo mata sarƙa, ni kuma Gwaggo in riƙa leƙowa. Na ce da ma wa ya hana ni? Sannan ta buɗe tafin ubanta, mai bandejin, ta sa masa mabuɗin.

Daga madafa muka ji ƙarar gwangwani.

"Mai lambu! Gishiri ya ƙare."

"Gobe da safe zan kawo, Mama," in ji shi.