Ƙasar Ganuwar Malam Bawa

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Malam Bawa, malamin firamare a Ƙauran Namoda. Ya cika ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar wata biyu, kafin azahar mun kai shi. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in sake ajiyewa. Ni Garba direba ne, hatsi nake ɗauka tsakanin Ƙaura da kasuwar Shinkafi, rubutu ba aikina ba ne. Bana dai na daure, domin akwai amanar da ya bar mini ban riƙe ta ba, kuma gara ɗalibansa su ji daga bakina.

Duk wanda ya yi aji biyar ko shida a hannunsa ya san halinsa. Malam bai yarda a koya wa yaro tarihi a zaune ba. Da an yi kaka sai ya same ni ya ce, “Garba, Asabar motarka tawa ce.” Ba roƙo ba ne, sanarwa ce. In share bayan a-kori-kura, a loda yara da gorunan ruwa da ƙullin ƙuli-ƙuli, mu kama hanya. Ya kai su ƙarshen layin dogo a nan Ƙaura, ya sa kowa ya dafa ƙarfen, ya ce musu ɗaya bakinsa yana can bakin teku, kuma ta nan gyaɗar kakanninsu da audugarsu suka bi suka bar ƙasar. Ya kai su Zurmi suka bi sawun tsohuwar ganuwa da ƙafa. Mun wuce Shinkafi har kufan Alƙalawa, inda ya tsaya cikin rana yana nuna musu fili yana cewa nan birni ne, sarakuna sun zauna. Sau ɗaya ma har gandun dajin Kamuku muka je, yara suka ga gwanki, suka yi wata guda ba su da wata hira.

Ni kuwa da mun isa sai in shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mota in miƙe. Mene ne nawa da tsohuwar ƙasa? Abin da na sani na tarihin ƙasar nan rabi-rabi ne, wanda ya faɗo kunnena tsakanin barci da farke. Malam yakan leƙo ya ce wa yara, “Ga ɗalibina mafi daɗewa, shekara ashirin aji ɗaya.” Su yi ta dariya, ni kuma in juya musu baya.

Amma wurin da ya fi so ba shi da nisa. Gonarmu ta gado, a kan hanyar Banga, kufai ce. A gefenta na gabas akwai sauran ganuwar wani tsohon gari da ba wanda ya tabbatar da sunansa. Tsawonta ya kai tirela biyu a jere, tsayinta ya fi mutum ya ɗaga hannu. Nan Malam yake fara kai kowane aji. Yakan nuna musu layi-layi a jikinta, ya ce kowane layi aikin shekara guda ne, domin mutanen dā, da sun kai amfanin gona gida, gari duka yake fitowa gayya a ƙara wa ganuwa ƙasa, mai kuɗi da talaka kowa da kwandonsa. Sannan ya sa farce ya ɓanɓaro tsingaro daga cikinta, ya shafa masa miyau ya goge da babban yatsa har zanen ya fito, ya ce, “Ku duba, wata mata ta dafa wa ’ya’yanta miya cikin wannan tukunya.” Kunya uku yake bari a gindinta ba ya shuka komai. Mun sha faɗa a kan haka, don wallahi nan ce ƙasa mafi kyau a gonar duka.

Da jikinsa ya yi tsanani ya kira ni. Ya ce, “Garba, gona taka ce, ka noma ka ci da iyali. Ganuwa kuwa ba tamu ba ce, ajiya ce. Kada ka bari a taɓa ta.” Na ce to. Da sauri ma na faɗa, don ya daina wahalar da kansa da magana.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Malam zai ce in ya ga yau. Wace uwa ce za ta ba da ɗanta a sa a bayan mota a nufi Alƙalawa? Kamuku da muka je kallon gwanki, yanzu sunanta kawai aka ambata sai a yi shiru. Ni kaina ba na shiga hanyar Shinkafi sai mun taru motoci da yawa, rana ta ɗaga, kowa bakinsa da addu’a. Abin da ya fi damuna, in har zan kira shi damuwa, shi ne mun saba. A ce an tashi ƙauye kaza, mu ce Allah ya kyauta, mai shayi ya ci gaba da zuba madara. Na kai gawa a motata ta fi a ƙirga, na wanke bayan motar, na loda dawa washegari. Ba taurin zuciya ba ne. Wurin da ake jin abin ne ya mutu, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Shekara uku da suka wuce wasu mutane suka iso daga wani ƙauye a bayan Zurmi, suka sauka a filin da ke maƙwabtaka da gonarmu. Zana da leda da tsofaffin buhuna, su ne ɗakunansu. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Inna Dije, da matan ’ya’yanta biyu da jikoki. Ɗanta ɗaya sun binne shi kafin su taso, ɗayan har yau ba labari. Da bazara ta yi ta same ni a gona ina sassabe, ta ce suna son ƙasar ganuwa su buga tubali. Kowane magini a nan ya san ƙasar ganuwa: an riga an kwaɓa ta, ta sha shekaru, ba ta neman ciyawar ramno da yawa, kuma ba ta tsagewa. Na hau ta da faɗa, tsohuwa sa’ar uwata, na ce ko ƙwaya ɗaya ba mai taɓawa. Ta juya ta tafi.

Bayan kwana huɗu hadari ya fara haɗuwa a gabas, ta dawo. Wannan karon ba ta roƙe ni ba. Ta ce, “Taho ka gani.” Na bi ta. Ta ɗaga ledar da suke kwana a ƙarƙashinta, rana ta cinye ta, ta ko’ina sama ake hange, ga jariri a kwance a kan zane. Ta ce, “Shi ke nan, ka gani. Koma ga aikinka.”

A hanyar komawa dabara ta zo mini. A gindin ganuwar akwai tulin ƙasar da ta zube da kanta shekara da shekaru, ta taru ta yi gangare. Na ce wannan ai ba ganuwa ba ce, abin da ganuwa ta yar ne. Na ce musu su kwashi ta ƙasa, amma kada su taɓa ta tsaye. Har daɗi na ji, ina ganin na sallami mai rai ban saɓa wa mamaci ba. Suka kwashe tas, har gindin ya fito fili kamar an share tsakar gida.

Ruwa na uku ne ya kayar da ita. Da safe na je na tarar rabinta a kwance cikin kunyoyin nan uku, sauran ta tsage daga sama har ƙasa. Ina tsaye a wurin sai muryar Malam ta dawo mini, daga wata Asabar da nake kwance a ƙarƙashin mota, yana daka wa yara tsawa: “Ku bar tonon gindin nan! Wannan da ta zube ita ke riƙe da ta tsaye, ita ke kore mata ruwa.” Ashe na ji. Shekara da shekaru maganar tana kaina, ba ta fito ba sai da ta daina amfani.

Na jira in ji wani abu, ko kuka ko fushi, ban ji komai ba. Na duba sama, na ga akwai sauran ruwa. Na aika aka kira su Inna Dije na ce su kwashe duka. Da motata ma na yi musu jigila. Ɗaki goma sha ɗaya suka tayar. Kuma tunda gaskiya na zo faɗa, kunyoyin nan uku na shuka musu gero a daminar da ta biyo, ya kuwa yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, muka ci.

Saura Rabi, ’yar farin Malam, wadda har ya bar duniya bai taɓa kiran sunanta ba sai dai ya ce “ke ’yar nan”. Ita ta gaje shi, tana koyarwa a Gusau. Kowace Juma’a takan kira ni a gaisa, kuma ba ta ajiye waya sai ta ce, “Baba Garba, ganuwar Malam fa?” In ce, “Tana nan.” Fiye da shekara biyu ina faɗar haka. In ta zo sallah ta ce a kai ta, in ce hanya ba kyau. Ƙaryar tana da sauƙi, don a ƙasar nan ba wanda zai ce maka hanya ba kyau ka musa. Bana sai ta ce tunda ba inda za a iya kai yara, tana so ta kawo ajinta nan, kusa da gari, su ga abin da mahaifinta yake nunawa. Ta ce za ta fara zuwa ta duba, ko na kai ta ko ta hau babur.

Ranar Asabar da ta wuce na kai ta. Muka isa gonar. Ta sauka, ta dubi gabas, ba komai sai karan gero. Ta dube ni. Na ce, “Ni na sa.” Na faɗa mata duka a tsaye, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da ya fi mini. Ta ce, “Ina ƙasar take?” Na nuna mata ɗakunan.

Inna Dije tana ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Suka gaisa, Rabi ta nemi izini ta shiga, ni na tsaya a bakin ƙofa. Na ga tana bin bango da tafin hannu a hankali. Can ta tsaya, ta sa farce ta share wani wuri, sai ga tsingaro a cikin tubali. Ba ta ɓanɓaro shi ba. Ta shafa masa miyau, ta goge da babban yatsa har zanen ya fito. Na kawar da kai.

Ta fito ta durƙusa ta ce, “Inna, in na kawo yara za ki bari su shiga su gani?”

Tsohuwar ta ce, “Mi za su gani cikin ɗakin tsohuwa? Ko mutum biyar bai ɗauka.”

“Sai su shiga biyar-biyar.”

Sai Rabi ta ba ta labarin ganuwar yadda Malam yake bayarwa, da gayyar bayan kaka, da kwanduna, da matar da ta dafa miya. Inna Dije ta saurara hannunta bai bar wake ba. Da aka gama ta ce, “To ɗiyata, su waɗanda sunka gina ta, da sunka bar garin, sun dawo?”

Na san dalilin tambayar. Makullin gidanta na ƙauye yana ɗaure a bakin zanenta, na sha ganinsa. Bakina har ya buɗe zai ce sun dawo, don ya saba. Rabi ta riga ni. Ta ce, “Ba su dawo ba, Inna.”

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi bangon ɗakinta, inda damina biyu suka fara cin gindinsa. Ta ce, “To, ashe sai a ƙara mai yaɓe kafin ruwa.”

Ban san yadda Malam zai auna wannan ba. Mutum ne mai riƙe magana, ya ce kada a taɓa, an taɓa, kuma ni na sa. Ba zan ce ya yafe ba, ba ni da wannan izinin. Ganuwarsa babu ita, hanyoyin da ya bi da yara sun rufe, ɗalibinsa mafi daɗewa ya faɗi jarrabawa guda ɗaya da ya ba shi. Abin da na gani ya saura shi ne babban yatsan nan a kan tsingaro, da bakin da aka yi wa tambaya mai nauyi bai yi ƙarya ba. Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya sa ya huta.

A hanyar komawa gari Rabi ba ta ce mini ta yafe ba, ni kuma ban tambaya ba. Sai da muka zo daidai ƙarshen layin dogo ta yi magana, idonta a kan hanya. Ta ce za a nemo ƙasar yaɓe daga kududdufi, ɗaki goma sha ɗaya, kuma yaranta za su ɗauka da kwanduna tare da masu ɗakunan.

Ta ce, “Baba Garba, Asabar motarka tawa ce.”

Na ce to. Na riga na share bayan motar, buhun da nake shimfiɗawa kuma na bar shi a gida.