Baƙuwar Goggo Mai Zobe a Ƙafa

Goggona, yayar mahaifina, ta yi shekara talatin da ɗaya tana ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Duk wanda ya taɓa karyewa ko gocewa a unguwarmu ya san muryarta daga bayan gilashi: "Ja numfashi. Riƙe. To, saki." Sista Hoto ake ce mata a wurin aiki. Maigidanta ma, tsohon direban motar kwana-kwana, haka yake kiranta in tsokana ta motsa masa. Ita kuwa Baban Auta take ce masa.

Da ta yi ritaya, zaman gida ya tsaya mata a wuya. Ta wanke labulaye sau biyu a wata guda, ta jera tukwane daga babba zuwa ƙarama, sannan ta shiga neman wanda za ta yi wa faɗa. Wata safiya buhun hatsi ya yage a bakin ƙofar baya. Ta share abin da ya sharu, ta koma kicin. Da ta leƙo ta taga sai ta ga wurin ya cika da kurciyoyi da gwarare, suna ci suna ture juna. Ta tsaya kallonsu har shayin da ke hannunta ya huce.

Kafin mako ya zagayo, mai walda na bakin titi ya haɗa mata ƙarfe mai tsayi ya ɗora tire a kai. A gefe ta ajiye murfin tsohuwar tukunya cike da ruwa. Sai ta tuna da kyamarar da abokan aikinta suka ba ta ranar sallama, wadda ko kwalinta ba ta buɗe ba.

Hotunan farko ba su yi daɗin kallo ba. Baban Auta ya sa tabarau ya duba su ɗaya bayan ɗaya.

"Sista, tiren nan ya fito da kyau," ya ce. "Ina tsuntsun?"

"Ga wutsiyarsa nan a kusurwa."

"To, Allah ya kawo sauran jikin."

Ba ta kula shi ba. Ta koma ɗakin ajiya, wanda tagarsa ke kallon bayan gida, ta huda tsohon labule daidai bakin kyamara, ta kafa kujera. Kullum da sassafe tana nan zaune, littafi a cinya, tana rubuta wanda ya zo da ƙarfe nawa da abin da ya ci. Har suna ta raɗa musu. Akwai wata kurciya mai ɗingishi da take kira Mai Targaɗe, ta ce tsohuwar karaya ce da ta haɗe a karkace, da an kawo mata ita da wuri da an gyara.

A shekara ta biyu wata baƙuwar tsuntsuwa ta zo. 'Yar ƙarama ce, ruwan ƙasa-ƙasa, babu wani ado a jikinta. Ba ta taɓa hatsi ba, ruwa kawai ta sha ta tashi. Da Goggo ta ƙara girman hoton sai ta ga wani abu yana ƙyalli a ƙafarta ta dama. Zobe ne na ƙarfe, da rubutu a kansa, amma lamba biyu kawai ake iya gani.

Auta, 'yarsu malamar makaranta, ta yi mata bayani ta waya. Masu binciken tsuntsaye ne ke sa irin zoben nan, in mutum ya karanta lambar gaba ɗaya ya aika musu, za su faɗa masa inda tsuntsun ya fito.

Aikin da ta saba ne, ɗaukar abu ta gaba da ta gefe da ta baya. Sai dai wannan majinyaciyar ba ta jin magana. Goggo ta kafa ɗan reshe kusa da ruwan, kullum ta juya shi kaɗan, don in tsuntsuwar ta sauka ta nuna wani gefen zoben. Baban Auta aka ɗora wa gadin kyanwar maƙwabta. Ya zauna a bakin katanga da tsintsiya, an hana shi rediyo, an hana shi tari.

"Ko a wurin aiki ba a taɓa matsa min haka ba," ya ce min da na kai musu ziyara. Amma na lura shi ne yake fara raɗa, "Ga ta nan."

Kwana tara suka yi a haka, hoto ya haura ɗari huɗu. Ranar hutu Auta ta zo da kwamfuta, muka taru a teburin cin abinci muna haɗa lambobi. Duka suka fito sai guda ɗaya. Auta ta ce takwas ne, Baban Auta ya goya mata baya.

Goggo ta matso da fuskarta, ta runtse ido ɗaya. "Uku ne. Wannan da kuke gani inuwar reshe ce."

"Mama, kin tabbata?"

"Yarinya, tun kafin a haife ki nake raba inuwa da tsagin ƙashi. Rubuta uku."

Auta ta aika wa masu binciken lambar. Bayan mako uku amsa ta iso, kuma uku ɗin ne. Wata mata ce ta rubuto daga ƙasa mai nisa. Ta ce da hannunta ta sa zoben, a cikin lambu kusa da wani tafki, lokacin tsuntsuwar ba ta daɗe da barin sheƙa ba. Tsakanin lambun nan da murfin tukunyar Goggo akwai tafiyar da ta fi kilomita dubu huɗu, har da ƙetare teku. Ta ce ta sa zobe ga ɗaruruwan irinta, wannan ce ta farko da ta sake jin labarinta, kuma ta tara abokan aikinta ta karanta musu wasiƙar a tsaye. A ƙasa ta liƙa hoton tafin hannunta, da 'yar tsuntsuwar a ciki tana harara.

Goggo ta yi ta dariya har da hawaye. Baban Auta ya karɓi takardar ya sake duba lambar kilomitocin.

"Babu taswira, babu tasha," ya ce. "Ni da ita, ita ce direba."

Baƙuwar ta ƙara wata biyu tana zuwa shan ruwa, sannan ta yi gaba. Goggo da matar nan kuwa ba su rabu ba. Duk ƙarshen wata suna aika wa juna hotuna, Auta na fassara musu. Matar har ta nemi izinin nuna wa ɗalibanta hotunan zoben.

Zuwana na ƙarshe na tarar da mutum huɗu a matse a ɗakin ajiyar: Goggo, maigidanta, da tsofaffin nas biyu da suka yi aiki tare, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Wata shaya ce, tsuntsuwar nan mai gashi mai sheƙi, ta shiga cikin ruwan tana wanka, tana fantsama wa kowa, gwarare sun yi layi a kan katanga suna jiran ta gama. Goggo ta matsa min gefen kujerarta ba tare da ta ɗauke ido daga kyamara ba.

"Zauna a hankali," ta ce. "Gaisuwar sai ta fito daga wanka."